Ƙabar da ke biyo bayan tiyatar zuciya da yadda ake gyara ta ta ƙananan kafofi

Wanda aka buɗe wa ƙirji domin gyaran zuciya yakan bar asibiti da dogon tabo, tun daga ƙasan wuya har zuwa ƙahon zuciya. A wurin mafi yawan marasa lafiya wannan tabo yana warkewa lafiya lau. Sai dai akwai 'yan kaɗan da bayan watanni ko shekaru sukan ga wani kumburi ya ɓullo a can ƙarshen tabon, daidai inda ƙashin ƙirji ya ƙare, ciki ya fara. Kumburin yakan fito idan mutum ya yi tari ko ya ɗaga kaya, ya kuma koma idan ya kwanta rigingine. Wannan ita ce ƙabar tabon tiyata ta ƙasan ƙahon zuciya.

Ba ta cika zama barazana ga rai ba, amma tana daga cikin ƙabobin da suka fi wuyar gyara, saboda wurin da take fitowa ƙunci ne da shi, ƙasusuwa sun kewaye shi, zuciya kuma tana kusa ƙwarai. A shekarun baya-bayan nan likitoci da dama sun koma gyara ta ta hanyar tiyatar ƙananan kafofi, wadda ake kira laparoskofi.

Yadda ƙabar ke samuwa

Ƙaba ita ce leƙowar wani abu na cikin ciki, kamar kitse ko hanji, ta wata ɓaraka da ta samu a bangon cikin. Wadda mutane suka fi sani ita ce ta matsematsi, wadda kan gangara cikin maraina ta zama gwaiwa, sai kuma ta cibiya. Akwai kuma wadda ke fitowa a inda aka taɓa yanka mutum, idan ɗinkin da ke ƙarƙashin fata bai haɗe sosai ba.

A tiyatar zuciya ta buɗe ƙirji, likita yana tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji gida biyu da zarto na musamman, daga sama zuwa ƙasa. Wani likita ɗan Ingila mai suna Herbert Milton, wanda ke aiki a Asibitin Ƙasrul Aini da ke Alƙahira, shi ne ya bayyana wannan hanya a 1897. Ba ta yaɗu ba sai bayan da John Gibbon ya yi nasarar tiyatar zuciya da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu a Filadelfiya ta Amurka a 1953, sannan Ormand Julian da abokan aikinsa suka nuna amfaninta ga aikin zuciya a 1957. Har gobe ita ce babbar ƙofar shiga wajen sauya bawul ɗin zuciya, da sauya wa jini hanya idan jijiyoyin zuciya sun toshe, da dashen zuciya.

Domin ƙirjin ya buɗe sosai, yankan yakan zarce ƙarshen ƙashi da 'yan santimita, ya shiga saman wata farar jijiya mai ƙarfi da ta ratsa tsakiyar ciki daga ƙahon zuciya zuwa mara. Wannan jijiya ita ce ta haɗa tsokokin ciki na dama da na hagu. A kusa da nan kuma ake fitar da robobin da ke zuƙe jini da ruwa daga ƙirji bayan aiki. Idan an gama, ana ɗaure ƙashin da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, yakan kuma haɗe cikin makonni 6 zuwa 12. Ita kuwa farar jijiyar da zare ake ɗinke ta, kuma ba ta samun hutu: duk numfashi, duk tari, duk atishawa, haƙarƙari da tsokoki suna jan ta dama da hagu. Idan ɗinkin ya saki, fata takan warke a sama, ɓaraka ta rage a ƙasa.

Rahotannin likitoci sun nuna cewa tsakanin kashi 1 zuwa kusan kashi 4 cikin 100 na waɗanda aka tsaga wa ƙashin ƙirji ne ke samun wannan ƙaba. Ana ganin ainihin adadin ya haura haka, domin da yawa ƙanana ne, ba sa ciwo, masu su ba sa zuwa asibiti. Ƙungiyar Likitocin Ƙaba ta Turai, a tsarin rarrabe ƙabobi da ta fitar a 2009, ta ware wa wannan wuri rukuni nasa na daban: daga ƙahon zuciya zuwa santimita 3 ƙasa da shi.

Waɗanda suka fi fuskantar haɗari

Ƙiba ce kan gaba, saboda tana ƙara matsi a cikin ciki, tana kuma rage saurin warkewar rauni. Sai rauni da ya yi mugunya bayan tiyata, wanda ke ruɓar da gefen ɗinki. Haka nan wanda aka sake buɗe wa ƙirji a karo na biyu, ko don zubar jini ko don wani sabon aiki. Ciwon sukari da ba a shawo kansa ba, shan taba, cutar huhu mai sa tari kullum, da ƙarancin abinci mai gina jiki duk suna raunana ɗinki. Waɗanda aka yi wa dashen zuciya suna cikin haɗari na musamman, domin magungunan da suke sha don kada jiki ya ƙi sabuwar zuciyar suna jinkirta warkewa.

Alamomi da bincike

Babbar alama ita ce ƙullutu mai laushi a ƙasan tabo, wanda ke girma idan an tsaya ko an yi yunƙuri. Wasu sukan ji nauyi ko ja a wurin, musamman bayan cin abinci ko idan sun sunkuya. Saboda ciwon yana ƙahon zuciya, ana yawan ɗaukarsa gyambon ciki, mutum ya yi ta shan magani ba sauƙi. Wani kuma yakan tsorata, ya zaci ciwon zuciyar ne ya dawo. Duk ciwon ƙirji ko na ƙahon zuciya ga wanda aka yi wa aikin zuciya abu ne da likita zai tantance, ba mai ciwon ba.

Likita yakan gane ƙabar da hannu, yana taɓa wurin yayin da majiyyaci ke tari. Hoton sikanin na iya tabbatarwa. Kafin tiyata kuwa an fi son hoton siti-sikan, domin yana nuna faɗin ɓarakar, da abin da ya shiga cikinta, da halin da ƙashin ƙirji ke ciki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: wani lokaci ƙashin ne bai haɗe ba, mutum yana jin yana motsi ko yana ƙara idan ya juya, kuma wannan matsala ce ta likitan ƙirji da zuciya. Akwai kuma abubuwan da ke kama da ƙaba alhali ba ita ba ce, kamar tarin ruwa a ƙarƙashin tabo, ƙullutun kitse, ko ƙashin ƙahon zuciya da ya turo waje.

Wani abin sauƙi game da wannan ƙaba shi ne ɓangaren hagu na hanta yana kwance a bayan wurin, yakan tare hanji ya hana shi shiga. Shi ya sa mafi yawanci kitse ne kawai ke leƙowa, kuma shaƙewar hanji ba ta cika faruwa ba. Duk da haka tana iya faruwa idan ɓarakar ta yi faɗi zuwa ƙasa. Idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ciwo ya tsananta, fatar wurin ta yi ja, aka fara amai, ko bayan gida da iska suka tsaya, to a garzaya asibiti nan take. Hanjin da jini ya daina isa gare shi yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Dalilin da ya sa gyaranta ke da wuya

Ƙaba ba ta rufewa da kanta a jikin baligi, babu kuma maganin sha ko na shafawa da ke rufe ta. Ɗamarar ciki tana rage nauyin da ake ji, amma ɓarakar tana nan. Ƙaramar ƙabar da ba ta damun mai ita ana iya barin ta ana sa ido, musamman idan zuciyar ba ta da ƙarfin ɗaukar wata tiyata. Wadda ke ciwo, ko ke girma, ko ke hana mutum harkokinsa, ita ake yi wa aiki.

Hanya ta farko da aka sani ita ce a buɗe tabon, a jawo gefe biyu na ɓarakar a ɗinke. A wannan wuri hakan ba ya yawan ɗorewa, domin gefunan suna manne da guringuntsin haƙarƙari, ba sa janyuwa, ɗinkin yakan zauna a ɗame har ya yage. Wasu rahotanni sun nuna cewa ƙabar ta dawo a fiye da rabin waɗanda aka yi wa ɗinki zalla.

Wannan ne ya sa aka koma amfani da raga, wato wani saƙaƙƙen ƙyalle na roba da ake shimfiɗawa a kan ɓarakar, naman jiki ya tsiro cikin idanunsa ya zama sabon bango. Francis Usher na birnin Hustan a Amurka ne ya yaɗa amfani da ita a ƙarshen shekarun 1950. Wani babban bincike da aka yi a Holan kan ƙabar tabon tiyatar tsakiyar ciki, wanda aka buga a shekarar 2000, ya gano cewa bayan shekara 3 ƙabar ta dawo a kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka ɗinke da zare kawai, da kashi 24 na waɗanda aka sa wa raga. Da aka bi sawunsu har shekara 10, alƙaluman sun kai kashi 63 da kashi 32.

Amma raga ba ta riƙewa sai ta zarce bakin ɓarakar ta kowane gefe, galibi da kusan santimita 5. A ƙasan ƙahon zuciya, gefen sama ƙashi ne, bayansa kuma akwai faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, wadda ake numfashi da ita, kuma a kanta zuciya ke zaune. Likitan da ya shigo ta gaba, ta cikin tsohon tabo, yakan sha wuya kafin ya samu inda zai tura ragar ta wuce sama. A nan ne tiyatar ƙananan kafofi ta samu gurbinta.

Yadda ake yin tiyatar ƙananan kafofi

Wannan fasaha ta bunƙasa ne bayan da Erich Mühe a Jamus a 1985, da Philippe Mouret a Faransa a 1987, suka cire matsarmama ta hanyarta. A 1993 Karl LeBlanc da William Booth suka ba da rahoton gyaran ƙabar tabon tiyata da raga ta wannan hanya a Amurka. A farkon shekarun 2000 aka fara buga rahotannin amfani da ita ga ƙabar da ta biyo bayan tsaga ƙirji.

Ana sa majiyyaci barci gaba ɗaya, a kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga gefen kansa domin kayan ciki su gangara ƙasa. Likita yakan huda kafofi uku ko huɗu, kowace faɗinta milimita 5 zuwa 12, a gefen ciki ko ƙasa da ƙabar, nesa da tsohon tabo. Ana hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki domin bangonsa ya ɗaga, a samu filin aiki. Ta kafa ɗaya ake zura siririyar kyamara mai fitila, wadda ke nuna komai a allo da girma, ta sauran kuma a zura dogayen kayan aiki.

Mataki na farko shi ne a saki duk abin da ya manne wa bangon ciki, a jawo kitse ko hanjin da ya shiga ɓarakar a mayar da shi mazauninsa. Na biyu, a yanke wani tantani mai kitse da ya rataye hanta a bangon ciki na gaba, a sauke shi, domin a samu shimfiɗaɗɗen wuri har can bayan ƙashin ƙirji. Idan aka tsallake wannan mataki ragar ba za ta kwanta ba. Na uku, a auna ɓarakar daga ciki, a ɗinke ta idan za ta haɗu ba tare da ɗamewa ba. Na huɗu, a nannaɗe raga a zura ta kafa, a buɗe ta a ciki. Ragar da ake sawa a nan fuska biyu gare ta: wadda ke kallon bango tana da kaushi don nama ya kama ta, wadda ke kallon hanji kuma an shafe ta da abin da ke hana mannewa. Wasu likitocin sukan sa ragar a tsakanin bango da tantanin da ya lulluɓe cikin ciki, ta yadda ba za ta taɓa hanji ba sam. A manyan cibiyoyi ana yin hakan da taimakon na'urar mutum-mutumi da likita ke sarrafawa.

Mataki mafi haɗari shi ne kafe ragar. A ƙasan haƙarƙari ana kafe ta da zare da ƙananan ƙusoshi na musamman. A sama da layin haƙarƙari kuwa ba a harba ƙusa. Tsakiyar tsokar numfashi ba ta wuce 'yan milimita a kauri ba, ƙusoshin kuma tsawonsu yakan kai milimita 4 zuwa 7, jakar zuciya tana manne a ɗaya gefen. An samu rahotannin marasa lafiya da ƙusa ta huda musu jakar zuciya ko jijiyarta, jini ya taru ya matse zuciyar, wasu har suka rasu. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka taɓa yi wa aikin zuciya, saboda tabon ciki yakan manna zuciyar da tsokar. Don haka ƙwararru sukan liƙa saman ragar da gam na likitanci, ko su yi ɗinki marar zurfi suna kallo, ko su bar ta shimfiɗe tsakanin hanta da tsokar numfashi, nauyin hanta da matsin ciki su riƙe ta har nama ya kama.

Amfani da iyaka

Amfanin wannan hanya a bayyane yake. Ba a sake yanka tsohon tabo, ba a kusantar wayoyin ƙashin ƙirji, don haka haɗarin mugunya ya ragu sosai. Wannan babban abu ne ga mai bawul na ƙarfe, wanda ƙwayoyin cuta a jini ke iya kama masa bawul ɗin. Likita yana ganin bangon ciki gaba ɗaya daga ciki, yakan kuma gano wasu ƙananan ɓarakoki da ba a ji da hannu ba. Zaman asibiti yakan taƙaita zuwa kwana ɗaya zuwa uku.

Tana kuma da iyaka. Iskar da ake hurawa tana matse manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, tana ƙara wa zuciyar aiki, wani sashenta kuma yana shiga jini. Lafiyayyar zuciya tana ɗauka, mai rauni kuwa tana iya gazawa. Saboda haka ake rage matsin iskar ga masu ciwon zuciya, kuma mai rauni ƙwarai ana iya zaɓa masa tiyatar buɗewa ko a bar ƙabar. Ɓaraka mai faɗi sosai, kamar wadda ta kai santimita 10, ko wadda fatar kanta ta lalace, ko wadda ke tare da ƙashin da bai haɗe ba, ta fi dacewa da buɗewa. Bayan aiki ruwa yakan taru a tsohon gurbin ƙabar har mutum ya zaci ta dawo, amma galibi yana tsotsewa cikin makonni. Akwai ciwon wurin ƙusoshi, da ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu sakamakon iskar, da yiwuwar raunata hanji, da dawowar ƙabar, wadda ta fi faruwa ta gefen sama. Binciken da ake da shi kan wannan ƙaba ta musamman na ƙananan rukunonin marasa lafiya ne, shi ya sa ƙwarewar likita da halin majiyyaci ne ke yanke hukunci a kan hanyar da za a bi.

Shiri kafin aiki da kula bayansa

Likitan tiyatar ciki ne ke gyara ƙabar, amma sai da hannun likitan zuciya da na sa barci. Ana yin gwajin bugun zuciya da hoton eko domin a san ƙarfinta. Ana son majiyyaci ya bar taba aƙalla mako 4 kafin aiki, ya daidaita sukari da hawan jini, ya rage ƙiba idan da hali.

Batun magungunan tsinka jini shi ne mafi muhimmanci. Mai bawul na ƙarfe yana shan warfarin har ƙarshen rayuwarsa. Yawanci ana dakatar da shi kimanin kwana 5 kafin tiyata, a maye gurbinsa da allurar hefarin, a dawo da shi bayan aiki. Asfirin kuwa sau da yawa ana ci gaba da shi. Likita ne kaɗai ke tsara wannan. Wanda ya daina magani da ra'ayin kansa yana iya samun daskarewar jini a bawul ko shanyewar ɓarin jiki.

Bayan aiki ana so mutum ya tashi ya taka tun a ranar farko. Yakan koma aiki marar nauyi cikin mako biyu, amma ya guji ɗaukar kaya mai nauyi, kamar jarkar ruwa ko buhun hatsi, na mako 4 zuwa 6 ko yadda likita ya ce. Ya tallafe wurin da matashi idan zai yi tari, ya kuma guji taurin bayan gida. Zazzaɓi, amai, kumburin ciki, sarƙewar numfashi, jiri ko bugun zuciya da sauri alamu ne na a koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Halin da ake ciki a Najeriya

An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a 1974, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu. Yau ana yin ta a wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu, amma har yanzu mutane da yawa a ƙetare ake yi musu, musamman a Indiya da Masar. Wasu kuma an yi musu a Cibiyar Salam da ke Khartum, wadda ƙungiyar agaji ta Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007. Ƙabar kuwa sai an dawo gida da daɗewa take bayyana, lokacin da likitan da ya yi aikin farko yake nesa.

Saboda haka ya kamata duk wanda aka yi wa aikin zuciya ya adana takardar bayanin tiyatarsa, da ta irin bawul ɗin da aka sa masa, da jerin magungunansa, ya nuna su ga duk likitan da zai taɓa shi. Kada a bari a yi wa kumburin sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, ko lalas: abin da ke ƙarƙashin fatar yana iya zama hanji ko hanta, mai shan maganin tsinka jini kuma jininsa ba ya tsayawa da wuri.

Kafin a amince da tiyata, majiyyaci yana da haƙƙin ya tambayi likita ko ya saba gyara ƙaba a wannan wuri, da yadda zai kafe saman ragar, da ko asibitin yana da likitan zuciya da ɗakin kulawa ta musamman. Inda babu kayan laparoskofi ko wanda ya ƙware a kansu, tiyatar buɗewa da raga a hannun gogaggen likita hanya ce karɓaɓɓiya, kuma ta fi tiyatar ƙananan kafofi a hannun wanda bai san wurin ba.